Hoton da Aka Sa wa Sunan Wasiƙa

Shagona a Arlit ɗaki ɗaya ne a bayan tasha, tsakanin mai facin taya da mai sayar da ƙanƙara. Tebur, benci, fanka, farin ƙyalle a bango na ɗaukar hoto, sai ordinatar, wato kwamfuta, injin da nake aiki da shi. Aikina buga wa mutane takardu. Daga Tawa na zo da aure, mijin ya yi shekarunsa a ramin uraniyom tari ya ɗauke shi, ni kuma na ga ba abin da zan koma in tarar, na zauna. Shekarar da tawayen Abzinawa ya sake tashi a duwatsu, a ita ce kuma aka ce za a buɗe sabbin ramukan uraniyom, sai duniya ta kwaso jiki ta taho neman aiki. Mutanen Maraɗi, na Damagaram, namu na Tawa, har da 'yan Katsina da Sakkwato masu rantsuwa a Konni aka haife su. Kowa yana son dosiye: takardar neman aiki, takardar haihuwa, da ɗan hoto a manne a sama.

Zafin gari da zafin nema suka haɗu, kowa ya zama a wuya yake. A bakin ƙofata wasu biyu suka yi musu kan wanda ya riga zuwa, ɗaya ya ɓalle ƙafar bencina ya fasa wa ɗayan hanci da ita, jini har kan farin ƙyallen. Na ɗauki tsintsiya na bi su duka biyun da duka har bakin titi, don ni ma ba haƙuri ne ya yi mini yawa ba. Amma wannan wasa ne a kan abin da masu kaki ke yi. An sakar musu hannu su kama wanda suka ga dama. Na ga sun sauke wani ɗan kabu-kabu daga babur don ya yi jinkirin tsayawa, suka kwantar da shi a ƙasa da rana tsaka, suka yi ta taka shi har ya daina kare kansa. Muna kallo daga cikin shaguna, ba wanda ya fito.

Injina na same shi ne a hannun wani injiniyan kamfani da ya tattara ya bar gari da aka fara harbe-harbe. A cikinsa akwai wani pirogiram na rubutu da ba irin na kowa ba. Ba ruwansa da ado, komai da maɓallai ake gaya masa, kuma yana da shafi guda inda kake rubuta masa ƙa'idojin da kake so ya bi. Injiniyan ya nuna mini na kwana biyu ya tafi. Sauran na koya da zagi, da wani ɗan littafi da nake rubuta umarni a ciki. Ban daɗe ba na iya sa hoto a tsakiyar rubutu, in ƙara masa tsawo, in rage masa faɗi, in juya shi. Da masu neman aiki suka gane haka, sai sirara suka fara roƙona in ɗan buɗa musu hoton ta gefe, ko a ga suna da ƙirjin ɗaukar kaya. Nakan ce musu ranar awon likita ba da injina za su shiga ba, sannan in ɗan buɗa.

Abin da ya fi sa ni son injin wani abu ne daban. Kowane fishiye, wato takarda ko hoton da ke ajiye a inji, yana da suna, sunan kuma yana da wutsiya, haruffa uku bayan ɗigo. Injinan sauran masu buga takardu wutsiyar nan kawai suke dubawa. In ta ce hoto, su buɗe hoto. In ta ce wasiƙa, su buɗe wasiƙa ko da hoto ne a ciki, sai ka ga ekiran, wato allon injin, ya cika da tarkacen alamomin da ba mai iya karantawa. Nawa kuwa ana iya ce masa ya rabu da suna ya leƙa ciki, farkon haruffan da ke cikin fishiye su gaya masa ko hoto ne, kuma wane iri. Na rubuta masa wannan ƙa'ida ne don na gaji da hotunan da ake kawo mini daga salula, wasu ba wutsiya, wasu da wutsiyar ƙarya. Daga nan ba abin da ya gagare ni buɗewa. Kaina ya kumbura. In abokan sana'a suka turo mini abin da ya fi ƙarfinsu, sai na tabbatar duk wanda ke kan benci ya ji.

A lokacin, a kowane shinge ana bincikar salula da kile, ɗan abin nan kamar yatsa da ake ajiye fishiye a ciki. In aka ga hoton wani riƙe da bindiga a duwatsu, mai kilen ya shiga uku. Kuma gida nawa ne na Abzinawa da ba shi da kowa a can? Sai mutane suka gano dabara: a canza wa hoto wutsiya, a sa masa sunan wasiƙa ko takardar haihuwa. Injin masu kaki irin na kowa ne, ya buɗe ya zubo tarkace, su jefo maka kayanka ka wuce. Dabarar ta zaga gari har tsofaffi sun san ta.

Wata Juma'a, maza sun tafi masallaci, wata tsohuwa Ba'abziniya ta shigo, da baƙin mayafi, yatsunta shuɗi da baba. Ta jawo 'yar jakar fata daga cikin layun wuyanta, ta zaro kile.

"Ɗiyana," ta ce, da Hausarta da ba ta raba mace da namiji, "an ce mashin naka shi yana ganin abin da an ɓoye. Ɗana yana ciki."

Na rufe ƙofa na soka kilen. Fishiye ɗaya ne, da sunan wasiƙa. Na danna, injin ya leƙa ciki ya gane hoto ne ya buɗe. Amma hoton ya fi ekiran girma nesa ba kusa ba, kuma a kwance ya zo. Kusurwa ce kawai ta fito, dutse da sarari. Na yi ta turawa, ga kafaɗa, ga rabin kai, ga hannu ba jiki. Tsohuwa ta riƙe mini wuyan hannu da ƙarfin da ban zaci tana da shi ba.

"Kar ka yayyanka shi. Haɗa mini shi."

Tausayinta ya kama ni. Na buɗe shafin ƙa'idoji na ƙara layi biyu: kowane hoto a rage shi daidai faɗin ekiran, wanda ya zo a kwance a miƙe shi tsaye. Na ajiye, na sake buɗewa. Sai ga su, ba mutum ɗaya ba, biyu. Ƙaramin da bindiga a kafaɗa. Babban sanye da rigar aikin kamfani, ya sauke rawani daga fuska, abin da Ba'abzine ba ya yi a gaban kowa, yana dariya, hannunsa a wuyan ƙanen. Na san shi. Direban bis ne, motar ɗaukar ma'aikata da ke wucewa ta gaban shagona kowace safiya.

Na ce, "Inna, wanga hoto wuta ta. Ƙaramin ya riga ya tahi, ba mai kai mishi. Amma babban nan garin shike. In anka ga huskatai kusa ga bindiga, kashe shi za a yi. Bari in yanke shi in bar miki guda."

"Biyu na haifa," ta ce. "Ba a yanke kowa."

Na yi faɗa, na yi lallashi, ta kafe. Daga nan kowace Juma'a sai ta zo. In rufe ƙofa, ta zauna ta yi musu magana da Tamajak ƙasa-ƙasa, ta shafa ekiran ta bar mini shuɗin yatsa, in yi mita in goge.

Sau ɗaya direban ya zo da kansa. Ya tsaya a bakin ƙofa, rawani har ƙasan ido. Ya ce lokacin hutunsa ya je duwatsun don ya dawo da ƙanen gida, ƙanen ya ƙi, wani ya ɗauke su hoto ya ba shi ya kawo wa tsohuwa.

"Madam, na san abin da ke ciki," ya ce. "Amma a wuyanta yake kwana. Ba ni iya karɓe mata."

Ya tambaye ni ko akwai injin da zai gane shi ban da nawa. Na ce babu, duk garin nan. Ya ce to in aka kawo shi wurina fa? Na ce ya bar mini wannan, na san hannun injina. Har da ɗaga kai na faɗa.

Bayan tafiyarsa na zauna na yi tunani. In na cire ƙa'idar leƙa ciki, zan koma fama da hotunan dosiye kullum, don haka ban cire ba. Sai na samo wata hanya a ɗan littafina. Buɗe fishiye iri biyu ne. Akwai na kullum, maɓalli biyu, wanda nake dannawa daga safe zuwa yamma ban ma san na danna ba. Akwai kuma wani dogon umarni da ke ce wa injin ya buɗe abu ɗanye, kar ya leƙa, kar ya gane komai, ya zubo tarkace kamar injin kowa. Na haddace shi. Na yi ta gwada shi har na ce ko daga barci aka tashe ni zan buga shi, hankalina ya kwanta.

Wata Talata da hantsi muka ji ƙara har kwanon rufi ya girgiza. Nakiya ce ta tashi da motar masu kaki a hanyar fita gari. Kafin azahar sun bazu a unguwar Abzinawa gida-gida, muna jin ɓalle ƙofofi da kukan mata tun daga tasha. Masu shaguna suka fara rufewa. Ina cikin jawo tawa ƙofar mota ta tsaya a gabana.

Masu kaki huɗu ne, da babbansu, wani gajere mai jan ido mai muƙamin ajidan. Suka jefo direban daga bayan mota kamar buhu. An ɗaure masa hannu ta baya da igiyar roba, riga a yage, rawanin yana nan amma ya jiƙe da jini ta gefen kunne. Tsohuwa ta sauko da kanta, ba takalmi, igiyar layunta a tsinke. Ajidan ya ajiye kilen a kan teburina.

"Madam, injinmu ya ce wasiƙa ce ta lalace. Amma maƙwabta sun ce kowace Juma'a tsohuwar nan tana zuwa nan karatun wasiƙa, ita da ba ta san ko bihim ba. Buɗe mu karanta tare."

Na ce an ɗauke wuta. Ya miƙa hannu ya murɗa fanka, ta hau juyawa. Sannan ya juyo ya ɗauke ni da mari. Ban taɓa sanin mari yana da nauyi haka ba. Na bugi bango, ɗankwalina ya faɗi, kunnena na hagu ya toshe ɗif. Ya kama ni ta wuyan riga ya dasa ni a kujera.

Na kunna injin. Yana jan lokaci kafin ya tashi, ni kuma ina ta maimaita dogon umarnin a zuciyata, harafi bayan harafi. Yana nan, bai gudu ba. Na ce wa kaina, buga shi kawai, su ga tarkace su tafi.

Ajidan ya ga jiran ya yi yawa, ya juya kan direban ya tambaye shi abin da ke ciki. Ya ce wasiƙa. Aka sake tambaya, ya sake cewa wasiƙa. Ɗaya daga cikinsu ya fizge masa rawanin a gaban uwarsa da ni, ya ɗaga gindin bindiga ya sauke masa a kan ido. Na ji ƙarar ko da kunne ɗaya. Ya sake ɗagawa ya sauke a wuri guda. Tsohuwa ta faɗa kan ɗanta, aka hankaɗe ta da takalmi ta bugi benci. Jini ya fantsamo har kan maɓallai, ya taɓa mini bayan hannu da ɗuminsa.

"Buɗe," ajidan ya ce a kunnena mai ji, ya ɗora mini bakin ƙaramar bindigarsa a kafaɗa.

Hannuna ya tafi. Wallahi kaina dogon umarnin yake karantawa, amma yatsuna suka danna maɓalli biyun nan na kullum da suka saba. Kafin in ankara an gama. Injin ya yi duk abin da na koya masa bai bar ko ɗaya ba. Ya rabu da suna ya leƙa ciki, ya gane hoto ne, ya miƙe shi tsaye, ya rage shi daidai faɗin ekiran. Da ban ƙara layi biyun nan ba, da dutse da sarari kawai za su gani, in samu numfashi ɗaya in rufe. Amma ga fuskoki biyu cif, ga bindiga, ga rigar kamfani.

Ajidan ya sunkuya ya dubi ekiran, ya dubi mutumin da ke ƙasa, ya sake duban ekiran. Direban ya ɗago kai ya dube ni da idon da bai rufe da jini ba. Ba harara ba ce, da ita ce da ta fi mini sauƙi. Kallon mutumin da ya yarda da maganata ne.

Abin da ya biyo baya a waje aka yi shi, a gaban tasha, don kowa ya gani. Suka ja shi ta ƙafa kansa yana bugun dokin ƙofa. Suka kewaye shi da takalma da gindin bindiga, suna kiran sunayen abokansu da nakiyar ta kashe da safe, sai ka ce shi ya binne ta. Tsohuwa tana rarrafe tana kama ƙafafunsu ɗaya bayan ɗaya, suna shure ta. Ni ina kujera ban motsa ba, na yi fitsari a zanena ban sani ba. Da suka gaji suka wurga shi mota. Ajidan ya dawo ya zare kilen, ya buga saman injin da tafin hannu.

"Wannan ya fi namu kai," ya ce. "Gobe za mu kawo miki sauran."

Na tsani kaina a ranar, na tsani injin, na tsani bakina. Tun kafin in wanke jinin na buɗe shafin ƙa'idoji na goge layin leƙa ciki. Aikin bai kai na shan kofin ruwa ba. Shi na ƙi yi watanni, don ƙyuya da son a ce na iya.

Washegari suka zo da leda cike da kilen da suka ƙwace a gidaje. Duk wanda na buɗe, tarkace. Ajidan ya kama gashina ya buga goshina da tebur sau biyu, na ce dukan da ya yi wa injin jiya ne ya lalata shi. Ya tofa yawu a ekiran suka tafi. Ban san mutum nawa wannan ya tsirar ba, kuma ban taɓa jin ya rage mini komai ba.

Tsohuwa ba ta sake shigowa ba. Nakan hango ta da safe tana bin gefen titi zuwa bakin bariki da ɗan kwanon abinci, da azahar ta dawo da shi a rufe yadda ta kai. In ta zo daidai shagona sai ta tsallaka ɗaya gefen. Ban ga laifinta ba. Sau ɗaya na bi ta na ce, "Inna." Ta tsaya, ta dubi hannuwana, ta wuce.

Sai da aka fara maganar sulhu aka soma sako mutane. Wata safiya ina share bakin shago na ga mutum tsaye, ya rame har riga tana lilo a jikinsa. Rawani ya rufe komai sai idanu, ɗaya yana gani, ɗaya ya yi fari. Da murya na gane direban, ita ma ta canza, kalmomin suna fita da iska.

"Madam, dosiye nake so. Tuƙi ya ƙare, ba a ba mai ido ɗaya bis. An ce ana ɗaukar masu gadi a sabon rami."

Tsintsiyar ta faɗi daga hannuna. Na ce, "Malam, ni na buɗe. Na san yadda za ni yi in ɓoye shi, na hardace, hannuna ya ƙiya. Ka yahe mini ko kar ka yahe, amma ka sani."

"Ina wurin," ya ce. "Na ga hannunki yana rawa. Buga takardar."

Na buga. Saura hoto. Hoton dosiye ba a karɓarsa da fuska a rufe, shi ma ya sani. Ya zauna a gaban farin ƙyalle ya ce in tura ƙofa, sannan ya kwance rawanin a hankali. Abin da aka yi masa a can ciki ya wuce abin da na gani a gaban tasha. Haɓarsa ta karye ta haɗe a karkace, leɓen sama a tsage an ɗinke shi yadda aka ga dama, haƙoran gaba babu ko ɗaya, sama da ƙasa. Sau uku ina ɗauka hoton yana fita dishi-dishi. A na huɗu sai da na kafa gwiwar hannuna a tebur.

Da ya fito a ekiran, ya matso ya daɗe yana kallo. Ya tambaye ni mafi ƙanƙantar girman da kamfani zai karɓa, na gaya masa. Ya ce in rage shi zuwa haka, in buga guda ɗaya tak, in goge na cikin injin yana gani. Na yi duka. Ya mai da rawaninsa ya ja shi har ƙasan ido, ya ɗaure sosai, ya karɓi dosiyen ya ninke shi hoton yana ciki. A bakin ƙofa ya tsaya bai juyo ba.

"In tsohuwa ta tambaye ki, ki ce ido ne kawai," ya ce. "Tun da na dawo a bayan ɗaki nake cin abinci. Ba ta ga bakin ba tukuna."